Na yi wa fim ɗin surukata dariya, yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu

Anti, barka da ƙoƙari. Shekarata 26, aurena bai cika shekara 2 ba, muna zaune a Kano. Duk Juma'a mukan je gidan Hajiya, mahaifiyar maigidana, mu wuni. Rannan bayan la'asar ta sa aka kunna mata wani tsohon fim ɗin Indiya, Mother India, babu fassara, hoton ma duk ya koɗe. Ni da ƙanwar mijina muna gefe muna tsintar shinkafa. Da aka zo inda matar take jan garma tana waƙa tana hawaye sai dariya ta kuɓuce mini, na ce wa ƙanwar mijina, a zatona ƙasa-ƙasa: "Mutum yana cikin bala'i kuma ya tsaya rera waƙa? Waɗannan finafinan ai ɓata lokaci ne." Ita ma ta yi dariya. Daɗin hira ya kwashe ni na ƙara da cewa da su da kaset-kaset ɗin Shata da ke jere a kabad duk kanwar ja ce, kiɗa iri ɗaya, roƙo iri ɗaya. Ashe Hajiya tana ji. Ba ta ce uffan ba, ta kashe talabijin ta ce bari ta je ta yi alwala. Sai a hanyar gida na san kaset ɗin na marigayi mahaifinsu ne, wanda ya rasu tun maigidana yana firamare.

Tun daga ranar in na gaishe ta takan amsa, amma hira ta ƙare, kuma in ina gidan ba a kunna komai. Maigidana ya ce in je in ce mata wasa nake yi, ni ma ina son su. Ni kuwa ba na son su, kuma ba na son ƙarya. Wata ƙawata ta ce ban yi laifi ba, dama kiɗa ba abin kirki ba ne a addini. Anti, faɗin ra'ayi a kan fim ma laifi ne?

Ƙanwarki daga Kano

Ƙanwata, sannu da wannan damuwa. Faɗin ra'ayi a kan fim ba laifi ba ne, kuma ba zan ce ki so abin da ranki bai kwanta da shi ba. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Dariya ce ta fara fitowa, magana ta biyo baya, a ɗakin matar da ta haifi mijinki, a gaban 'yarta, tana tsakiyar kallo. Da a ɗakinki kika faɗa wa maigidanki cewa fim ɗin ya yi miki tsawo, da ba mu zo nan ba. Abin da ya shiga kunnen Hajiya shi ne surukarta da 'yar cikinta sun haɗa kai suna yi mata kallon tsohuwar da ba ta san abin kallo ba. Shi ya sa ta kashe talabijin, kuma shi za ki je ki gyara. Ra'ayin naki zan bi ta kansa, don akwai inda kika yi gaskiya, akwai kuma inda kika yi gaggawar yanke hukunci.

Ke kin taso kin tarar da fim a tafin hannu. Matan zamanin Hajiya ba haka suka same shi ba. Gidajen sinima sun daɗe a Kano, Rex tun 1937, daga baya aka samu su Palace da Plaza da Orion da Eldorado. 'Yan kasuwar Labanan da ke riƙe da harkar su suka fara shigo da finafinan Indiya wajen shekarun 1950, suka ga mutane sun rungume su hannu biyu, suka ci gaba. Sai dai sinima wurin maza ne. Matar aure ko budurwa 'yar mutunci ba ta taka ƙafa can, wadda aka gani kuwa sunanta ya ɓaci a unguwa. Iyakarta ƙane ko yaya ya dawo da dare ya zauna a bakin ƙofa ya ba da labari, har da kwaikwayon yadda Sarkin Ƙarfi, wato Dharmendra, ya watsa taron 'yan daba shi kaɗai. Mata ba su ga abin da idonsu ba sai da talabijin ta shigo gida, NTA Kano da CTV suka riƙa sa finafinan, sannan bidiyo ya bazu a shekarun 1980. Gidan da ke da akwatin talabijin a layi shi ne dandali: a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maƙwabta su shigo da goyo, yara su toshe ƙofa, kowa na addu'a kada a ɗauke wuta. Babu mai jin Indiyanci, amma babu wanda labari ke kuɓuce wa, don an san uwa, an san azzalumin mai kuɗi, an san auren dole. Ga dukkan alamu Hajiya ta yi amarci a wajen waɗannan shekarun. To wannan koɗaɗɗen hoton da kika gani yana cikin 'yan abubuwan da suka rage mata daga lokacin da mijinta yake raye.

Kin ma san labarin fim ɗin kuwa? Na tambaya ne don na ga alamar tsakiyarsa kika tsinta. Mehboob Khan ne ya yi shi a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha, matar wani manomi. Bashin da aka ci don bikin aurenta ya jefa gidan a hannun mai ba da rance da ruwa. Mijin ya rasa hannuwansa biyu a wajen aikin gona, kunyar zama a ciyar da shi ta sa ya bar gida bai ƙara dawowa ba. Ta rage ita kaɗai da ƙananan yara, ga yunwa ga ambaliya, mai bashin ya nemi ta ba da kanta ya ba ta abinci, ta ƙi. Wurin da kika yi wa dariya, shanun noman ne babu, ta sa wuyanta a madadinsu. A ƙarshe ɗanta da ya zama ɗan fashi ya zo sace 'yar mai bashin ranar aurenta, uwar ta ɗauki bindiga ta harbe shi da hannunta. Yanzu ki ɗora wannan labarin a kan macen da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗan firamare da ƙanwarsa. Ki tambayi maigidanki da me aka biya masa kuɗin makaranta, wa ya nemo, ta wace hanya. In kin ji amsar za ki gane abin da Hajiya take kallo a wurin, ko fassara ba ta buƙata.

Zancen waƙa a tsakiyar bala'i kuwa, a nan ban bi ki ba ko kaɗan, kuma ba don in faranta wa Hajiya ba. Mu ne fa masu waƙar niƙa da waƙar daɓe. Kakanninmu mata a kan dutsen niƙa suke amayar da abin da ba sa iya faɗa wa miji ko kishiya, da asuba, gwiwa a ƙasa, murya na rawa. A tatsuniya ma marainiya ba ta fara waƙa sai kishiyar uwa ta tura ta rafi mai nisa wankin abin da ba ya wankuwa. Masu fim ɗin Indiya haka suka ɗauki waƙa, suna kawo ta a inda magana ta gaza. Muryar da kika ji a wurin ta Lata Mangeshkar ce, wadda ta rasu a 2022, kuma irin waɗannan waƙoƙin sun shiga jinin mutanenmu har masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karinsu suna ɗora yabon Annabi a kai. Kina iya cewa salon bai yi miki ba, wannan haƙƙinki ne. Cewa ba shi da ma'ana kuwa ba zai karɓu daga bakin Bahaushiya ba.

To, inda kika yi gaskiya. Tsofaffin finafinan nan suna da tsawo na fitar hankali. Mother India kansa ya kusa awa 3, kuma ni a ganina akwai wuraren da za a yanke ba a rasa komai ba, musamman barkwancin da ake cusawa don mai kallo ya huta da kuka. Mugu a cikinsu mugu ne tun daga gashin baki har takalmi, ba ya taɓa yin abin da zai ba ka mamaki. Kuma ba kowane tsohon fim ne na kirki ba. An yi tarkace da yawa a wancan zamanin, mantawa da su aka yi, 'yan ƙalilan masu kyau suka rage a bakin mutane, shi ya sa manya ke ganin komai na da ya fi na yanzu. Hatta waɗanda ake rantsuwa da su yau ba a haɗu a kansu ba tun farko. Sholay da ya fito a 1975, masu sharhi a jaridun Indiya sun kushe shi, makonnin farko kasuwa ta yi sanyi har aka fara cewa ya faɗi, sai ga shi ya shekara 5 ana nuna shi a sinima ɗaya, Minerva, a Bombay. Masu kushen ba mahaukata ba ne, masu cika sinimar ma haka.

Na gida ma ba su tsira ba. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa lokacin su Sangaya da Wasila, wajen shekarar 2000, babu irin sukar da finafinan Hausa ba su sha ba, kuma daga bakin sa'o'in Hajiya ta fito: an ce kwaikwayon Indiya ne, an ce fiyano ya kashe kalangu, an ce rawar namiji da mace ba tarbiyyarmu ba ce. Surutun yana cikin abin da ya kai ga kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. Yau waɗanda suke yara a lokacin su ne ke cewa ba a ƙara yin fim kamar waɗancan ba. Na kawo miki wannan ne don ki san manya ma masu ra'ayi ne, masu zafi ma kuwa. Ba mamaki Hajiya tana da nata jerin finafinan da ba ta iya kallo, da jaruman da take ganin kyau kawai aka bi aka ɗauke su. Da tambayarta kika yi, da kin sha sharhi har magariba.

Maganar Shata ce ta fi nauyi, kuma a nan sai na ɗan ja miki kunne. Kowane kiɗa iri ɗaya ne ga kunnen da bai zauna da shi ba. Kalangu ne kayan aikin Shata, kuma masu sauraronsa ba sauyin kiɗa suke jira ba. Abin yana bakin mutumin: yadda yake ƙirƙirar baiti nan take a gaban jama'a, ya jefa wa 'yan amshi, kafin su dire ya ɗauko wani, yadda zai yabi mutum a layi ɗaya, a na biyu ya soki abokin hamayyarsa ba tare da ya kama suna ba, duk wanda ke wurin kuma ya gane wa ake nufi. Mutumin Musawa ne, ya haura shekara 50 yana waƙa har ya rasu a 1999, kuma babu wanda ya iya ƙidaya waƙoƙinsa. Bai yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Roƙo kuwa, e, akwai roƙo. Sana'ar ke nan, ba a ɓoye take ba: a yi wa mutum waƙa ya ba da riga, ko doki, ko mota. Akwai waƙoƙin da in kin cire sunan mai kyautar da na iyayensa ba abin da zai rage, kuma ni ma irin waɗannan ba na iya kai su ƙarshe. Wanda ya ce wannan ɗabi'ar ta koya mana yabon mai kuɗi ko ta ina ya samo, yana da hujja, kuma an daɗe ana faɗa. Sai dai mutumin da ya yi wa noma waƙa, ya yi wa soja, ya yi wa dabbobi, har kumbon da Amurkawa suka harba zuwa duniyar wata a 1969 bai ƙyale ba, ba a tattara shi a kalma ɗaya a wuce. Kuma in kika duba kabad ɗin nan da kyau, da wuya a ce Shata kaɗai ne a ciki. Masu tara kaset na wancan lokacin sukan haɗa da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, masu kotso da waƙar fada, da Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa yana yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, da Haruna Uji mai gurmi, ta ɓangaren mata kuma ga Barmani Choge da ƙwarya. Ko wanda bai taɓa jin Hausa ba zai raba waɗannan da juna. Shuuu ɗin da kike ji a kaset kuma ba laifin mawaƙi ba ne. Da yawa a wajen biki ko a gidan rediyo aka ɗauke su, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset a kasuwa, kowane kwafi yana cin wani abu daga muryar.

Amma ko da Shata bai iya komai ba, kaset ɗin na Alhaji ne. Shi ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, kuɗinsa ya saya, wataƙila rubutun hannunsa ne a jikin kwalin, wataƙila Hajiya ta sha ganinsa ya zura biro yana naɗe zaren da rediyo ta tauna. Mace ba ta adana abu tsawon waɗannan shekaru tana share masa ƙura don kawai tana son kalangu. Ba ki sani ba, na yarda, kuma rashin sanin zai sassauta miki. Sai dai kusan shekara 2 kina shiga ɗakin nan kina ganinsu, ba ki taɓa tambayar na wane ne ba.

Maganar ƙawarki ki bar ta a inda ta faɗe ta. Malamai sun yi magana a kan kiɗa, sun saɓa, wannan fagensu ne. Amma ke ba don tsoron Allah kika yi dariya ba, kuma na san wayarki ba wa'azi kaɗai ke ciki ba. In kika jawo addini ya zama garkuwarki a nan, kin ƙara wa Hajiya zagi na biyu a kan na farko: da tsohuwa ce da ba ta iya zaɓe ba, yanzu ta koma mai saɓo. Addinin da ƙawarki ta ambata shi ne ya hana mata su yi wa 'yan'uwansu mata izgili, a cikin Suratul Hujurat, kuma wannan babu saɓani a kansa.

Shawarar maigidanki ma ban karɓa ba, duk da na san zaman lafiya yake nema. Hajiya ta ji dariyar da kunnenta, ta san ta gaske ce. In kika je kika ce wasa ne, kina son su, za ta ce "Allah sarki, ba komai," ta kuma ƙara a ranta cewa bayan raini kin iya ƙarya. In kuma ta yarda, kin ɗaura wa kanki awa 3 duk Juma'a kina murmushin dole, har ranar da hamma za ta tona miki asiri. Amma ki lura da wani abu. Mahaifinsa ne fa. Yaron da ya rasa uba yana firamare, abin da yake iya tunawa da shi ba shi da yawa, kuma zai yi wuya a ce muryar Shata daga rediyon uban ba ta ciki. Da ya ce ki ce kina son su, anya Hajiya kaɗai yake nema wa wannan kalmar? Kin rubuto mini wasiƙa guda a kan fushin uwarsa, ba ki ce komai a kan abin da shi ya ji ba. Ki fara da shi, da dare, bayan ya ci abinci ya natsu. Ki ce kin yi magana a kan kayan Baba ba da sani ba, ki ba shi haƙuri, ki tambaye shi wace ce Baba ya fi sawa. Daga nan ki yi shiru ki saurara, ko da ya daɗe bai amsa ba.

Sannan Hajiya. Kada ki bari sai Juma'a, lokacin da gida ke cike da 'ya'ya da jikoki. Ki nemi izini ki je da hantsi a tsakiyar mako, ke kaɗai. Kada ki tura saƙo ta waya, kada ki aika wata ta yi miki magana. Ki riƙe ɗan abin da kika san tana so, turare ko goro ko 'ya'yan itace, ba wani babban kaya da zai yi kama da toshiyar baki ba. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba, in an gama gaisuwa ki ce: "Hajiya, haƙuri na zo ba ki. Rannan na yi dariya da maganar da ba ta dace ba a gabanki, kuma na taɓa kayan Baba da bakina. Ƙuruciya ce da rashin tunani. Don Allah ki yafe mini." Shi ke nan. Ba ki ce kina son fim ɗin ba, ba ki ce ba kya so ba, don ba shi ya kawo ki ba. Kada ki ce "in ranki ya ɓaci," kin san ya ɓaci. Kada ki ce ƙasa-ƙasa kika yi maganar, wannan ɗora wa kunnenta laifi ne. Kada kuma ki ambaci cewa 'yarta ma ta yi dariya. Tsakanin uwa da 'ya sun san yadda za su ƙare, kuma abin da aka ɗauke wa 'ya ba lallai a ɗauke wa suruka ba. Haka abin yake, ya yi daɗi ko bai yi ba.

Abin da za ta ce kusan na san shi: "Haba, ba komai, ni ban riƙe ki ba." Kada ki ɗauka an gama, kada kuma ki ɗauka ƙarya take yi. Manyanmu da baki suke fara yafewa, zuciya ta biyo a hankali. Ki ci gaba da zuwa, ki ci gaba da aikin da kika saba yi mata, ba ƙari ba ragi. Alamar da za ki jira ita ce ranar da za ta sa a kunna wani abu kina zaune. Ranar kada ki zame ki shiga kicin, kada kuma ki zauna kina zuba yabo. In wani abu ya ɗaure miki kai ki tambaya: wannan wane ne, me ya yi mata, a ina kuka fara ganinsa? In ita ta tambaye ki yaya kika gani, ki faɗi gaskiyar da za ki iya tsayawa a kanta. "Matar nan ta sha wuya, Hajiya, amma waƙoƙin sun yi mini yawa" magana ce da ba za ta ɓata wa kowa rai ba, kuma babu ƙarya a ciki. Kina iya jin ta ce ita ma akwai waƙar da take sa a wuce mata.

Na ga ke mai son sharhi ce, kuma ban ga aibin hakan ba. Muna ma da ƙarancin masu kallon fim su faɗi dalilin da ya sa ya yi ko bai yi ba, yawanci daga "ya haɗu" sai "shirme ne." In za ki yi, ki kalli abu har ƙarshe kafin ki yanke. Ki kama wuri ɗaya ki ce ga abin da bai yi miki ba, ga dalili, maimakon ki share zamani guda da hannu ɗaya. "Waɗannan finafinan" da kika ce ya haɗa har da dubbai da ba ki taɓa gani ba. "Bai yi mini ba" naki ne, ba mai ƙwace miki shi, amma "ba shi da kyau" sai kin zo da hujja. Ki kuma duba wa ke zaune. Da kakar mijinki ce, da kin ce mata fim ɗinta ya tsufa kamar yadda ta tsufa, ta rama da cewa mijin ma nata ne aro ta ba ki, a yi dariya a tashi. Uwar miji ba abokiyar wasa ba ce. Da sa'o'inki kuwa ki yi ta musu har a kira sallah.

Akwai wani abu kuma, amma sai bayan komai ya lafa, kada ya zama kamar kina sayen yafiya. Kaset ba ya dawwama. Zafi da ƙura suna cin zaren, yakan manne ko ya tsinke, rediyon da ke juya shi ma sai an sha wuya ake samun mai gyara. Sanannun waƙoƙin ana samunsu a wajen masu tura waƙa a waya, amma masu tara kaset na da sukan ɗauki shiri kai tsaye daga rediyo, ko wasan da aka yi a wani biki, wani lokaci har da muryar mutanen gida a ƙarshen zaren, kuma irin wannan in ya lalace ya tafi ke nan. Ki ba maigidanki shawara, maganar ta fito daga bakinsa, a nemi wanda ya iya juye kaset zuwa kwamfuta a zuba mata a memori. Da sharaɗi ɗaya: kada a fita da ko guda daga gidan. Mai aikin ya zo da na'urarsa ya yi a falonta, a mayar da kowanne cikin kwalinsa, a jera su yadda ta jera. In ta ce a'a, a bar mata kayanta.